Bututun da Na Ce a Toshe

Nafisa, ke kin ɗan tuna gidan Gwaggo Asabe a Gembu, domin kin je sau biyu kina ƙarama. Usman kuwa bai taɓa zuwa ba. Kun sha tambayata me ya sa muka yanke zuwa can, ni kuma kullum sai in ce hanyar tsaunin ce ta lalace. Hanyar ta lalace kam, amma ba ita ta hana mu ba. Mahaifiyarku ta san gaskiyar maganar, ta kuma rufa mini asiri duk tsawon shekarun nan. Yanzu da na ajiye aiki na dawo gida, na ga bai dace in bar ta da wannan kaya ita kaɗai ba. Ga abin da ya faru a shekarar da aka yaye Usman, lokacin muna zaune a unguwar Al Nahda a Dubai, mu huɗu a ɗaki ɗaya, cikin fulat ɗin da muke raba kicin da wasu iyalai biyu.

Wurin aikina yana unguwar masana'antu ta Ras Al Khor, wani dogon shago na kwano a bayan masu sayar da kayan gyaran mota. Abin da muke ƙerawa ba a amfani da shi a Dubai, lodinsa ake yi a kwantena a kai ƙasashen sanyi. Boila ce ta itace, wato wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai tsayin mutum da ake ajiyewa a waje, nesa kaɗan da gini. A cikinta akwai murhu, ruwa kuma ya kewaye murhun ta kowane gefe. Idan aka hura wuta ruwan ya yi zafi, sai ɗan inji ya tura shi ta bututun da aka binne a ƙasa zuwa cikin ɗakuna, ya bi ta wasu ƙarafa masu kama da lagireton mota, ɗaki ya ɗumame, ruwan ya koma tukunya. Wuta da hayaƙi suna waje, ɗumi kawai ke shiga. Wanda ya san wannan aiki ciki da bai shi ne Usta Rahim, wani dattijo ɗan tsaunukan Afghanistan, mai jan gemu da lalle da tabon ƙuna a yatsunsa duka. Shi ke auna ƙarfe, shi ke walda, shi ke gwada kowace tukunya kafin ta fita. Ni aikina in goge bakin walda da giranda, in yi fenti, in taya lodi.

Amma a gida da masallaci Injiniya ake kirana. Wani ɗan kasuwa ne ya fara kirana haka da ya ji ina aikin ƙarfe, ban gyara masa ba, sunan ya bi ni. Kullum kafin in hau bas sai in yi wanka a bayan shago, in cire kayan fenti in sa riga mai tsabta. Mahaifiyarku ba ta taɓa zuwa wurin ba. Tana can tana saro wa matan Kano abaya da takalma tana tura musu ta kago, ba ta da lokacin bin diddigina, kuma ba ta da dalilin zargina.

A wannan shekara Gwaggo Asabe, ƙanwar kakanku na wajen uwa, ta zo sayen gadajen asibiti, ta sauka wurinmu. Tsohuwar nas ce, da ta yi ritaya ta buɗe ɗan gidan haihuwa a Gembu mai gado takwas. Ranar da ta iso muna cin shinkafa a ƙasa, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, sai ta ja mayafi ta rufe kafaɗa ta ce mu muna sayen sanyi, su kuma can sanyi ne ke kashe musu jarirai. Ta ce da damina hazo kan rufe garin kwana da kwanaki, sai su sa gawayi a kasko su ajiye tsakanin gadaje. Idan sun rufe taga hayaƙi ya hana masu jego numfashi, idan sun buɗe sanyi ya shigo. Ta faɗi sunan wata mata da ta haifi bakwaini, yaron ya kwana uku jikinsa bai taɓa ɗumi ba, ya koma.

Mahaifiyarku ta ajiye cokali ta ce, "Gwaggo, ai wannan aikin Abban Nafisa ne. Abin ɗumama ɗaki suke yi."

Gwaggo ta juyo ta dube ni. "Injiniya, da gaske? Kai kake haɗa shi?"

Na ce, "Ni nake haɗawa."

Da na tsaya a kan cewa a wurinmu ake yi, da ba abin da ya ragu a jikina. Amma ta dube ni yadda ba wanda ya taɓa dubana a garin nan, kuma matata tana gefe tana murmushi.

Bayan kwana biyu na kai ta shagon, ina sanye da kaftani. Na zagaya da ita, ina buga ƙarfe da yatsa ina bayani, rabi abin da na tsinta a bakin Usta, rabi abin da na ƙirƙira a tsaye. Usta ya ɗaga gilashin walda, ya ga baƙuwa dattijuwa, ya je da kansa ya kawo mata kujera da shayi. Gwaggo ta tambaye ni da Hausa wane ne wannan bawan Allah mai kirki.

Na ce, "Mai taimaka mini ne. Ya daɗe a hannuna."

Da Usta ya ji inda za a kai tukunyar da kuma dalili, fuskarsa ta canza. Ya ce shi ma ƙanwarsa ta rasa ɗa a kan sanyi. Ya hau kan benci ya dafa wani gajeren bututu da ke tsaye a saman tukunyar, bakinsa a buɗe, ya yi ta bayani da Larabcinsa na kasuwa yana nuna shi, yana kallona in fassara mata. Ban bi rabin abin da ya ce ba, kuma ba na so Gwaggo ta ga shi ke bayani ni ina saurare. Sai na ce mata yana cewa ƙarfen mai kauri ne. Ta gyaɗa kai, aka gama ciniki da mai shagon, muka tafi.

Abin da ban lura da shi ba, akwai wani direba ɗan Maraɗi da ke kawo mana ƙarfe, yana tsaye bakin ƙofa, ya ji komai. Washegari da na shigo, Usta ya miƙe daga inda yake tsugune, ya dafa ƙirji.

"Na ji an ce ni yaronka ne," in ji shi. "Yalla, mu je, maigida, me zan yi yau?"

Ma'aikata suka yi dariya. Shi bai yi ba, bai kuma ƙara tayar da maganar ba. Ya ƙera tukunyar Gwaggo da kulawar da ban taɓa ganin ya yi wa wata ba, ya gwada ta sau biyu. Ni kuwa tun daga ranar na daina haɗa ido da shi. Idan yana wannan gefe ina wancan. Ranar lodi ya miƙo mini takarda biyu da ya zana da hannunsa, da rubutun yarensu a gefe, ya ce in zo da rana ya karanta mini in juya da Hausa in tura wa wanda zai haɗa. Na karɓa na ce to. Ban je ba. Na ninke takardun na jefa a ƙasan akwatina, na tura wa mai aikin famfon da zai haɗa ta a Gembu nawa bayanin da murya.

Abin mamaki, ta yi aiki. Watanni bayan haka, da damina ta sauka, Gwaggo ta turo saƙon murya tana dariya, ana jin kukan jariri a bayanta. Ta ce masu jego har cire rigar sanyi suke yi, ta ce matan ƙauyuka suna zuwa su taɓa ƙarfen bango su ji ɗumi. Ta sa mini albarka har sau uku. Mahaifiyarku ta kunna saƙon a kicin don maƙwabta su ji. A cikin saƙon ne na fara jin sunan Malam Buba, maigadin gidan haihuwar, wanda ya yi shekara wajen ashirin a ƙofar Gwaggo. Shi aka ba hura wutar. Ta ce yana faskara itacen turare ya jera shi a rumfa ya bushe, yana goge tukunyar da tsumma kamar motarsa.

Wata rana da azahar, lokacin hutun cin abinci, Gwaggo ta kira. Ta ce komai lafiya, sai dai wannan ɗan bututun na sama yana ta fitar da tururi, ruwa yana raguwa, kuma Malam Buba sai ya gangara rafi ya ɗebo ya ƙara, ga shi ƙafarsa ba ta da ƙarfi. Mai famfo ya ce zai iya ɗaura masa murfi ya ɗaure da noti, amma ta ce a bari sai ta tambayi Injiniya.

Ina zaune a kan bokitin fenti. Usta Rahim yana can inuwar kwantena, bai fi taku goma daga inda nake ba, yana yagar gurasa yana tsomawa a shayi. Na tuna shi a kan benci yana dafa wannan bututu. Na san akwai magana a kansa, ban dai san wace ce ba. Abin da ya rage kawai in tashi in yi taku goman nan in ce, Usta, ban sani ba, gaya mini. Na dube shi, na tuna dariyar ma'aikata, na juya masa baya.

Na ce, "A toshe shi, Gwaggo. Asarar zafi ce kawai."

Bututun nan shi ne numfashin tukunyar. Idan ruwa ya tafasa, ta nan tururi ke fita. Idan aka toshe shi, tururin ba shi da wurin zuwa. Ba a yi sati biyu ba, wata safiya injin tura ruwan ya tsaya saboda cajin batirin sola ya ƙare, wuta kuma tana ci. Ruwan ya tsaya wuri ɗaya yana tafasa. Malam Buba ya zo da itace a hannu ya buɗe ƙofar murhu, daidai lokacin ƙarfen ya tsage a gefen ƙofar. Tururi da tafasasshen ruwa suka same shi a hannun dama da ƙirji. Allah ya sa tukunyar tana waje, ba abin da ya sami kowa a ɗakin haihuwa.

Gwaggo ta kira ni. Ta gaya mini abin da ya faru, ta ce ita da kanta ta yanke rigar daga jikinsa. Sannan ta tambaye ni me ya jawo haka. Na san amsar tun kafin ta rufe baki, jikina ya ba ni. Na tambaye ta ko yana cika itace da yawa. Ta ce kwanakin nan sanyi ya tsananta, yana ƙarawa.

Na ce, "To shi ne. Ya yi mata lodin da ya fi ƙarfinta."

Ta yi jinyarsa har ya tashi, sannan ta sallame shi. Yatsunsa uku sun ƙanƙance ba sa miƙewa. Aka koma kaskon gawayi.

Gwaggo ta turo hotuna tana tambaya ko za a iya gyarawa. Na yi kwana huɗu da hotunan a waya. Ba ni da abin da zan ce mata, dole na je wurin Usta. Ya goge hannu ya karɓi wayar, ya dubi tsagewar, ya ja hoton sama da yatsa, ya tsaya a kan murfin.

"Wa ya ce a sa wannan?"

Na ce mai famfo ne ya yi da kansa.

Ya daɗe yana kallona. "Shi ne abu na farko a takardar da na ba ka. Ka tura musu?"

Bai jira amsata ba, ya sake tambaya.

"Mai sa itacen, yana da rai?"

Na ce yana da rai, hannunsa ne ya lalace, kuma an sallame shi domin an ce laifinsa ne.

"Ko itacen daji guda ya zuba, da bututun a buɗe yake, ruwa kawai zai ƙone," in ji Usta. Ya miƙo mini wayar. "Maganar da ka faɗa a kaina, khalas, ta wuce, ni ban rasa komai ba. Wannan mutumin fa?"

Ya sauke gilashinsa ya koma walda. Na tsaya a wurin har wani ya kira ni lodi.

Duk da haka ban kira Gwaggo ba. Na ce mata ana duba hotunan. Mahaifiyarku ce ta gano, ranar wata Asabar tana neman katin rigakafin Usman a akwatina. Na dawo daga aiki na tarar ta tura ku ɗakin maƙwabta, tana zaune bakin katifa da takardun Usta a cinyarta. Ba ta iya karanta rubutun ba, amma zanen ba ya buƙatar karatu. Ga tukunya, ga bututun sama da tururi yana fita, a gefe kuma ga shi an ɗaura masa murfi, an ja masa jan layi biyu a gicciye. Ita ma ta ga hotunan Gwaggo.

"Abban Nafisa, wannan rubutun wa ne?"

Na ce na wanda ke ƙera su ne.

"Ba kai kake ƙerawa ba?"

"Fenti nake yi."

Ta ce, "Shekara nawa muna tare, ka ɗauka don fenti zan raina ka? Da fentin muke ci." Ta ɗaga takardar. "Gwaggo ta gaya mini da bakinta kai ka ce a toshe. A lokacin ban san me hakan yake nufi ba. Ka kira ta kafin Juma'a, ko ni in kira."

Juma'a ta zo ban kira ba, ita ma ba ta kira ba. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta gaya wa kowa ba. Abin da ta yi kawai, ta daina cin abinci tare da ni a tire ɗaya. Sai ta zuba mini nawa ta rufe, ta ja ku gefe ku ci. Idan matan fulat suka ce ina Injiniya, sai ta ce, "Malam Lawal yana ciki." Nafisa, ke ce kika tambaye ni wata rana ko Umma tana azumi ne. Juma'a uku suka wuce a haka. A ta huɗu, bayan an sauko daga masallaci, na zauna a matakalar gininmu na kira Gembu.

Na faɗa wa Gwaggo duka, tun daga ranar shayi. Ba ta katse ni ba.

"Lawal," ta ce. Ranar ce ta fara kiran sunana. "A gaban ma'aikatana na tsayar da Buba, hannunsa a naɗe, na ce masa ya kusa kashe mini jarirai. Bai ce komai ba, ya ɗauki tabarmarsa da butarsa ya fita. A kan maganarka na yi haka. Sannan tun da aka koma gawayi na kwantar da yara biyu da ciwon ƙirji. Da ka ce mini ba ka sani ba, da sai in jira."

Na ce ta yafe mini.

"Ba ni ce a gaba ba," in ji ta, ta kashe wayar.

Tun daga ranar ba ta ƙara yi mini magana ba har ta rasu. Da mahaifiyarku suna gaisawa, tana tambayar lafiyarku, ni dai ba ta ambata na. Gyaran tukunyar kuwa Usta ne ya yi shi daga nesa. Ya yanka sabon farantin ƙarfe aka tura, ya sa direban nan ɗan Maraɗi ya zauna kusa da shi yana fassara wa mai walda na Gembu a waya, kalma bayan kalma, ni ina gefe ina goge ƙarfe ina ji. Kafin sanyin gaba tukunyar ta koma aiki. Gwaggo ta je har gidan Malam Buba ta ba shi haƙuri a gaban iyalinsa, ta roƙe shi ya dawo. Ya ce hannun ba ya riƙe gatari, ya gode.

Mahaifiyarku ta samo mini lambar ɗiyarsa. Na kira da hantsi, aka kai masa wayar. Muryarsa ƙasa-ƙasa ce, da Hausar mutanen tsauni. Na gabatar da kaina, na faɗi abin da na yi, na ce itacensa ba shi da laifi.

"Na sani," ya ce. "Tun ina yaro nake hura wuta. Ranar da aka ɗaura murfin nan na ce wa Hajiya tukunya ba ta son a rufe mata baki ruf. Ta ce mai ilimin abin ne ya faɗa daga Dubai. Sai na yi shiru."

Na ce zan zo in gan shi, in roƙe shi gafara ido da ido.

"To, Allah ya kawo ka," in ji shi. "Gidan ba wuyar ganewa. Ka tambayi mai hannu."

Mun riƙa aika masa abin da ya sawwaƙa, mahaifiyarku ce ke kula da wannan, kuma kada ku ɗauka ya biya komai. Bayan shekara biyu na samu hutu na zo gida. Na ce wa kowa zan je Gembu. Na hau mota daga Kano, na kwana a Jalingo, da safe na je tasha, har na sa jakata a motar da za ta hau tsauni. Ina tsaye ana jiran fasinja biyu su cika, sai na fara tunanin yadda zan miƙa masa hannu mu gaisa, da abin da zai miƙo mini. Na ce wa direba na manta wani abu a masauki. Na sauke jakata, na tsallaka titi, na shiga motar Kano.

Malam Buba ya rasu da daminar da ta biyo. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, ban kuma ga hannun ba. Ɗiyarsa Hauwa tana nan da ranta a Gembu, a unguwar da ke bayan kasuwar dabbobi. Na bar muku lambarta a bangon ƙarshe na wannan littafi. Ni ƙafata ba za ta ƙara hawa tsaunin nan ba, amma ku da sauranku. Idan kun je, kada ku ce mata na aiko ku da gaisuwa. Ku gaya mata cewa na zo har Jalingo na juya.